Masallacin Kakan Mujahida

Duk wanda ya taɓa tashin gida a unguwar Mansur ko Zahir a Makka ya san Badamasi. In bai san sunansa ba, to ya san bayansa, don shi ake gani yana hawa matakala da firiji ɗaure a kai. Gajere ne kakkaura, furfura ta gama da gemunsa. Sana'arsa dako, ɗaukar kayan ɗaki, abin da mutanen Makka ke cewa afash. A bayan dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya ta wani Balarabe, yake yini, shi da kujeru da katifun mutane. Shekara da shekaru yana shiga ɗakunan jama'a, ko cokali ba a taɓa nema an rasa ba. Ƙarya ɗaya ya yi a rayuwarsa wadda ta isa a kira ta ƙarya, ita kuwa sai da ta yi jikoki.

Uwarsa ce ta zo da shi aikin hajji yana ɗan yaro, ta ƙi komawa, ta kafa kaskon ƙosai a bakin wani lungu. Ba ta daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar zafi. Abin da ta bar masa na asali bai wuce magana ɗaya ba: "Mu mutanen bakin ruwa ne." Wane ruwa, wane baki, ba ta ce ba, shi kuma bai kai shekarun tambaya ba. Tsohuwar da ta yi mata wanka ce ta dubi tsagen fuskarta ta ce kamar na Yawuri. Shi ke nan Badamasi ya zama mutumin Yawuri, a kan "kamar" ɗin wata tsohuwa. In ya matsa wa ƙwaƙwalwarsa, abin da yake gani shi ne ruwa mai faɗi, da ƙarnin kifi, da wata mata tana wanke ƙwarya.

To a cikin Hausawan Makka, rashin ikama, takardar izinin zama, ba abin kunya ba ne, kai da dubban mutane ne. Rashin gari shi ne tsiraici. Ka zauna wurin mai shayi a Mansur ka ji yadda ake cika baki: wannan ɗan Kano, wancan ɗan Damagaram, wani ma rabonsa da garinsu tun kafin a haifi mai shayin, amma zai lissafa maka unguwanni kamar jiya ya baro. In hira ta juyo nan, Badamasi sai ya duƙufa hura shayinsa, ko da kuwa ya huce.

Ya auri Kabira, 'yar Gwammaja ta Kano, wadda ta zo umara ta zauna. Mace ce mai baki, amma ba ta taɓa yi masa gorin asali ba. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Mujahida.

A shekarun da aka rushe tsofaffin unguwannin da ke kusa da Harami, 'yan dako sun sha aiki. Wata rana aka kira su Badamasi wani tsohon gida na 'yan kasuwa, waɗanda aka ce kakansu daga ƙasar Hindi ya zo. Magada suka ware abin da suke so, sauran suka ce a kai shara. A cikin sharar akwai hotuna uku masu gilashi, an zagaye su da katako mai kyau. Badamasi ya ɗauka don ya kai haraj, kasuwar tsofaffin kaya. Biyu suka shiga. Na ukun gilashinsa ya tsage a kusurwa, ba wanda ya taya, ya dawo da shi gida ya jingine a bango.

Ba hoton kyamara ba ne, zane ne da aka buga a takarda, launinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Kogi ne shimfiɗe, a bakinsa matakalar dutse tana gangarawa har cikin ruwa. A saman matakalar wani dogon gini ne mai tsini, jikinsa duk gaɓa-gaɓa kamar an kafa totuwar masara a tsaye. Gefe ɗaya ya zube, wata bishiya ta fito ta cikin bangon, saiwoyinta sun tsaga shi. Ga 'yan mutane ƙanana suna wanka, ga kwalekwale mai rumfar ciyawa. A ƙofar ginin kuma akwai wata inuwa, kamar mutum zaune.

A ranar ce Mujahida, tana 'yar shekara biyar, ta shigo da kuka. Yaran maƙwabta sun yi wasan tafiya gida. Sun shiga kwali a matsayin jirgi, kowace ta faɗi garin da za a sauke ta. Da aka zo kanta ta rasa abin cewa, sai babbarsu ta ce ta zauna ta tsare musu takalma. Tana cikin shessheka idonta ya faɗa kan hoton.

"Baba, nan ina ne?"

Badamasi ya dubi hoton, ya dubi majinar da ke hancin 'yarsa. Ya ce, "Garinmu ne."

A kicin ludayin Kabira ya tsaya da motsi. Da yarinya ta fita da gudu don ta kira ƙawayenta su gani, Kabira ta leƙo ta ce, "Malam, ka dai san abin da ka shuka."

"Yarinya ce. Kafin gobe ta manta."

Ina fa. Yaro ba ya manta abin da ya share masa hawaye. Gobe ta zo da tambaya, jibi ta zo da wata. Wannan dogon ɗakin na wane ne? Masallaci ne, kakana Malam Maman ne ya gina. Me ya sa ya karye? Bayan mun taho ne bishiya ta ci shi. Wane ne a cikin jirgin ruwa? Kawuna ne, masunci. Wannan na bakin ƙofa fa? Ladan ne, yana jiran lokaci. Kowace amsa ita ke jawo ta gaba, har Malam Maman ya samu rawani, ya samu almajiran da suka girmi gemunsa, ya samu wani kada da ke zuwa jin karatunsa da la'asar. Mutumin da ba a taɓa haifa ba ya fi Badamasi kansa tarihi.

Kada wani ya ce bai ji kunya ba. Ya ji, duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ji kamar ya saka rigar aro a gaban mai ita. Amma yadda idon yarinyar ke haske ya fi ƙarfinsa. Shi dai bai san ainihin inda aka zana ba. A ransa ya ce ko Masar ce ko Sham, kuma gini mai wannan tsayi a bakin ruwa ai ba zai wuce masallaci ba. Nan ya kwantar da hankalinsa, wai ko banza a kan ɗakin Allah ya yi ƙaryar.

Mujahida ta girma da hoton a saman gadonta. Tsaranta haifaffun Makka Larabci ya cinye musu harshe, ita kuwa ta riƙe Hausarta gam, wai saboda ranar da za ta je gida. Ta koyi ƙunshi a wurin wata 'yar Sudan, hannunta ya faɗa, har ta fi malamar. Abin da ya fitar da ita kuwa wani zane ne nata na kanta. Takan ɗora dogon ginin nan a bayan hannu, tsininsa ya nufi ɗan yatsan tsakiya, matakalar ta sauko zuwa wuyan hannu, can ta zagaye da igiyar ruwa. Amare daga Mansur har Kudai suka riƙa cewa a yi musu hasumiyar Mujahida. Tana zanawa tana ba su labarin Malam Maman.

Ranar da Badamasi ya fara ganin zanen, ranar Sallah ce, a hannun Kabira, tana ajiye masa tuwo. Ya ƙura wa hannun ido har miya ta huce. Kabira ta ce, "Ci mana. Ai masallacin kakanka ne." Bai iya cin rabi ba.

Sai ga Marwan. Ɗan Alhaji Mukhtaru ne mai kantin turare a Zahir, Hausawan da kakanninsu suka biyo ta Sudan, masu takardu, masu iya ƙirga iyaye har Sakkwato ba tare da sun yi tuntuɓe ba. A bikin wata 'yar gidansu matan gidan suka ga Mujahida, suka yaba, magana ta yi ƙarfi, yara suka ga juna suka amince. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar manya za su zo neman aure.

A al'ada ba uban yarinya ake zuwa wa ba, wa ko ƙane yake turawa ya karɓi baƙi. Badamasi ba shi da ko ɗaya, don haka shi zai zauna da kansa, kuma ya san tambayar farko da za a yi masa. Da ya dawo daga masallaci ranar, ya tarar Mujahida ta ciro hoton daga ɗakinta, ta goge shi tas, ta rataye shi a majalisi daidai inda baƙi za su fuskanta. Hannayenta biyu sun sha sabon ƙunshi, hasumiya a dama, hasumiya a hagu.

Ya ce, "Mujahida, hoto a ɗakin baƙi, wasu ba sa so. Ko a mayar da shi ciki?"

"Baba, su suna da takarda, suna da kanti, suna da dangi. Mu wannan muke da shi. Bari su san ba daga sama muka faɗo ba."

Ya shiga ya sauya riga.

Alhaji Mukhtaru ya zo da ƙanensa Alhaji Rabe, wanda shi ke yi musu fataucin itacen turare daga Indiya. Aka gaisa, aka sha gahawa, aka taɓa maganar zafi da cunkoson mahajjata. Sannan Alhaji Mukhtaru ya gyara zama ya ce, "Malam Badamasi, an ce mana ku mutanen Yawuri ne. Wane gida a can?"

Da zai iya cewa shi maraya ne, bai san komai ba. Maganar ta zo har maƙogwaronsa. Sai ya ji ƙarar awarwaro a bayan labule, ya san wadda ke tsaye a wurin. Ya ɗaga hannu ya nuna bango. Ya ba da labarin Malam Maman tun daga tushe, muryarsa na fita kamar ta wani, gumi na bin bayansa duk da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Har ladan bai bari ba.

Alhaji Mukhtaru sai gyaɗa kai yake, yana masha Allah, gidan malamai ne ashe. Alhaji Rabe kuwa ya tashi, ya sa tabarau, ya matsa jikin hoton har numfashinsa na taɓa gilashi. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya zauna, abin da ya ce kawai shi ne, "Tsohon abu ne." Aka ba su, aka shafa fatiha.

Wurin rakiya, Alhaji Rabe ya tsaya a matakala kamar takalminsa ya ba shi wahala, har yayansa ya sauka ƙasa. Sannan ya kama hannun Badamasi ya rage murya.

"Malam Badamasi, don Allah kada ka ɗauki abin da zan faɗa da zafi. Hoton nan ka sauke shi."

Alhaji Rabe ya ci gaba.

"Ba Yawuri ba ce. Indiya ce. Turawan Ingila ne suka riƙa zana irinsu zamanin da suke mulkin ƙasar, su buga da yawa su kai gida su sayar. Na ga 'yan'uwansa rataye a masaukai a can. Ginin kuma ba masallaci ba ne, ɗakin bautar Hindu ne, na ga irinsa da idona a bakin kogunansu. Wanda kake ce wa ladan ɗin nan, shi ne abin da suke yi wa sujada."

Badamasi, mutumin da ke hawa bene shida da firiji, sai ga shi ya dafa bango.

"Na ga zanen ginin nan na lalle a hannun 'yata ranar bikinta," in ji Alhaji Rabe, "na yi ta tunanin inda na san shi. Sai yau na tuna. Ni ba zan gaya wa Yaya ba. Mu yarinyar muka zo nema, kuma mun yi bincikenmu, ba wanda ya faɗi aibunka. Amma ka sauke shi."

Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Rufin asirin nan shi ya ƙarasa shi. Ya tsaya a matakala yana jin guɗar Kabira daga sama, ya rasa ta inda zai shiga gidansa. A garin da Annabi ya karya gumaka, shi ya rataye ɗaya a saman gadon 'yarsa, ya raɗa masa ladan, ya sa ta zana gidansa a hannun 'ya'yan Musulmi suna zuwa ɗawafi da shi.

Da ya gaya wa Kabira, ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ya ga maganar a fuskarta. Sai ta ce, "Ka bari ya faɗo ya fashe. Sai mu ce ƙusa ce ta zare. A yi biki lafiya, sauran Allah ya yafe mana."

"Zanen fa? Shi ma ƙusa za ta zare?"

Kwana biyu yana kewaye-kewaye, ya fita da sassafe, ya dawo ya ce kansa ke ciwo. A rana ta uku da hantsi ya tarar da Mujahida a tsakar ɗaki tana kwaɓa lalle, wata amarya na jiranta a Kudai. Ya san abin da za ta zana mata. Ya zauna a ƙasa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta ajiye cokalin.

Ya faɗa mata duka, idonsa na kan kwanon lallen. Gidan 'yan kasuwa, shara, haraj, gilashin da ya tsage, abin da Alhaji Rabe ya ce. Da ya gama ba ta yi kuka ba. Ta juya hannayenta ta dubi bayansu.

"Malam Maman fa?"

"Babu shi."

"Kawu masunci?"

"Babu."

"Yawuri dai ai akwai ta."

"Akwai ta. Amma ban san ko tamu ce ba. Wata tsohuwa ce ta ce kamar."

Ta ce, "Baba, na gaya wa kowa. Duk amaryar da na kama hannunta na gaya mata." Sannan ta tashi ta shiga banɗaki. Yana zaune yana jin ruwa na zuba, yana jin tana dirza da lemon tsami da gishiri. Ita da ta fi kowa sanin lalle ba ya fita sai ya ga dama. Da ta fito hannayen sun yi jawur, hasumiyar na nan daram. Makonni ta yi da safar hannu ko a cikin gida.

Asirin da Alhaji Rabe ya rufe, ita ta buɗe shi da kanta. Ta gaya wa Marwan, ta ce ya gaya wa mahaifinsa kafin a kawo lefe. Ta bi amarenta ɗaya bayan ɗaya a waya. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba, wasu suka kashe wayar tana magana. Malamin da ta tambaya ya ce ba laifi a kan wanda bai sani ba. Badamasi ya ji fatawar daga bakin Kabira, ya san rabinta ne kawai ya shafe shi.

Alhaji Mukhtaru bai fasa ba. An ce cewa ya yi yarinyar da ta iya faɗin wannan da bakinta ita yake so a gidansa. Amma tun daga ranar, in sun haɗu da Badamasi gaisuwar ba ta wuce tsayuwa. Wurin mai shayi kuwa, ka san bakin mutanenmu. Yana zuwa wani zai ce, "Malam Badamasi, ya mutanen Hindi? An samu damina?" A yi dariya, shi ma ya yi yaƙe. Daga baya ya daina zuwa. Hoton ya sa shi a buhu ya bar shi a wata bola a hanyar Kudai, ya juya da sauri kamar wanda ya yar da jariri.

A gida Mujahida ba ta rage shi da komai ba. Tana gaishe shi, tana kawo masa abinci, tana wanke masa kaya. Tambaya ce dai ta daina yi masa, kowace iri, ko da ta ina ya yini.

Aka yi biki a wani ɗakin taro a Zahir, maza gefe, mata gefe. Abin da ya faru a ɓangaren mata, Kabira ce ta ba shi labari washegari da safe tana ninke kaya. An ɗauko wata zabiya. Ta wasa ango, ta bi kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har Sakkwato, dangi na guɗa. Da ta juyo kan amarya sai ta tsaya, don ba 'yar unguwa ba ce, ba ta ji labari ba. Ta ɗaga murya ta ce a gaya mata amarya 'yar ina ce, jikar wa, ta san ta inda za ta kama. Wasu matan na kallon ƙasa, wasu na taɓa juna. Kabira ta ce ita kam ji ta yi kamar ta shige ƙarƙashin kujera.

"Sai Mujahida ta ɗaga mayafi ta ce a miƙo mata abin maganar. Amarya guda, Malam, a gaban dangin miji. Ta ce, 'Ni 'yar Badamasi ɗan dako ce. Iyakar abin da na sani ke nan. Ki kama daga nan.'"

Badamasi ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya ce, "Da wace irin murya ta faɗa?"

Kabira ta tsaya da ninki. Ta yi tunani sosai, don ba mai faɗin abin da za a ji daɗi ba ce.

"Wallahi Malam, ni na haife ta, amma ban gane ba."

A ƙasa dabbab ya yi oda, akwai tashin gida a Mansur. Ya ɗauki igiyarsa ya sauka.